Fita Su da Kwalekwale a Gulbin Rima: Abin da Manomi Zai Sani Kafin Ya Bi Tsohon Abokinsa

Da zarar an kai gero rumbu, ruwan gulbi kuma ya fara ja da baya, manoman bakin fadama daga Kwalkwalawa zuwa Wamakko sukan sami 'yan makonni na sarari kafin dashen albasa da tafarnuwa ya kankama. A wannan tsakanin ne abokinka na ƙuruciya, wanda ya gaji su a gidansu, zai ce maka ka zo ku fita da kwalekwale. Fita ce mai amfani. Za ka dawo da kifin miya, wani lokacin har da kuɗin buhun taki. Sai dai kai manomi ne, hannunka ya saba da kalme da fartanya, bai saba da filafili ba. Ga abubuwan da ya kamata ka sani game da ruwan, da abokin, da jirgin, da kifin kansa.

Ruwan da za ku shiga

Birnin Sakkwato yana zaune ne kusa da inda manyan gulabe biyu suka haɗu. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa a Jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya biyo ta madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Gulbin Rima kuma ya tattaro ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, ya biyo ta madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, ya wuce Wurno. Bayan sun haɗu sai ruwan ya gangara ta Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Kogin Kwara.

Me ya sa na kawo maganar madatsu? Saboda ruwan Rima ba da sama kaɗai yake tafiya ba. Madatsar Goronyo an gina ta ne don ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke sakinsa, da rani domin ban ruwa da ruwan shan gari, da damina kuma idan madatsar ta cika. Ke nan kana iya barin gulbi a gwiwa da yamma, ka tarar da shi a ƙirji da safe alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Mutanen wannan yankin ba su manta Satumban 2010 ba, lokacin da ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin ku fita, ku tambaya a bakin ruwa ko an saki ruwa daga sama, ku kuma saurari sanarwar rediyo. Dabara mai sauƙi ita ce a kafa kara a gefen ruwa da yamma a yi masa alama. Idan da asuba ruwa ya haura alamar, ya yi ja, yana ɗauke da ciyawa da itace, ku ɗage fitar.

Ƙasan gulbin ma ba ya zama yadda aka san shi. Kowace damina tana kwashe rairayi daga wani wuri ta jibge shi a wani, inda ake ɗibar yashi kuma akan bar ramuka masu zurfi dab da inda yara ke wanka. Mashigin da abokinka ya sani bara, bana sai an sake gwada shi da gora.

Idan kuma niyyarku ku haura gabas, wajen Wurno, Rabah ko Goronyo, to akwai batun tsaro da kowa ya sani. Ku tambayi mutanen wurin a ranar da za ku tafi, ba labarin makon jiya ba.

Wane lokaci ya fi?

Kaka ce ta fi, wato daga Oktoba zuwa Nuwamba. Kifi yakan bi ruwan damina ya bazu cikin fadama, ya yi ƙwai a cikin ciyawa, ya ci ya ƙoshi. Da ruwa ya fara janyewa sai ya nemo hanyar komawa gulbi, a nan ake tare shi a bakin ƙoramu. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ruwa ya yi sanyi, kifi ya lafe a ƙasa ba ya cin ƙugiya sosai, ga hazo, ga iskar da ke juya kwalekwale. Da bazara ruwa ya ragu, kifi ya taru a guraben zurfi, kamu yana da sauƙi amma zafin da ke haura digiri 40 yana ruɓar da shi nan da nan.

Agusta da Satumba kuwa, baƙon ruwa ya haƙura. Gulbi ya cika yana gudu, kuma kifin da za ku kama ma yawancinsa mai ƙwai ne, wato kamun baɗi ne kuke ci tun bana. A farkon damina kuma hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa. Ka ga gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, ku nufi gaɓa mafi kusa ko da rabin raga na cikin ruwa. Mutum a tsaye cikin jirgi a tsakiyar ruwa shi ne abu mafi tsawo a wurin, kuma tsawa abin da ya fi tsawo take nema.

Maganar aboki

A nan nake so in daɗe, domin a nan ne manomi ya fi yin sakaci. Da baƙo ne zai ɗauke ka, da ka duba jirginsa, ka tambayi rabonka, ka tambayi inda za ku. Amma da yake abokin ƙuruciya ne, tare kuka yi makarantar allo, sai kunya ta hana ka. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

Abokin da ka sani yana tsallake gulbi da iyo yana ɗan shekara ashirin, yau ya ba hamsin baya. Ƙila yana da hawan jini, ƙila ciwon suga ya taɓa idonsa, ƙila rabonsa da yin iyo mai nisa ya kai shekara goma. Tambayarsa ba raini ba ne. Ka ce masa, “Malam, yaya jikin naka kwana biyun nan? In jirgi ya juye, za ka iya da ni?” Kai ma ka faɗi gaskiyar naka. In ba ka iya iyo ba, ka faɗa tun a tudu, ba sai ruwa ya kai wuya ba. Mai farfaɗiya, ko mai yawan jin jiri, ko wanda ya sha maganin mura mai sa barci, kar ya hau kwalekwale. Haka wanda ya sha ƙwayar ƙarin kuzari wai don ya jure aiki, komai daɗewarku da shi.

Na biyu, a cikin jirgi mutum ɗaya ne ke ba da umarni, kuma shi ne wanda ya san ruwa. Ko kai ne shugaban ƙungiyar manoma, ko ka girme shi, ko kana bin sa bashi, in ya ce zauna, ka zauna. Muhawara sai an fito.

Na uku shi ne rabo. Ba ƙaramar zumunta kwandon kifi ya ɓata ba. Ku yanke magana kafin a kwance jirgi. Tsarin da ya fi kawo zaman lafiya shi ne a fara ware kifin miya na gida biyu, a sayar da saura, a cire abin da aka kashe, sannan a kasa uku: kaso ɗaya na jirgi da raga, ɗaya na abokinka, ɗaya naka. A ce kun sayar da kifi na naira 30,000, kun kashe 3,000 a ƙanƙara da dusa da kuɗin babur. Saura 27,000. Kai ka ɗauki 9,000, shi mai jirgi da raga ya ɗauki 18,000. Kar ka ga kamar an cuce ka, shi ne zai zauna yana ɗinkin raga kwana biyu kai kana gonarka. Ku kuma faɗa tun farko: in raga ta yage a kututture ko ta ɓata, wa zai biya? In kason jirgi ne zai ɗauki asarar, to a faɗa da baki. In rabawa za a yi, a faɗa.

Sai a sanar da gida. A gaya wa mutum guda inda za ku shiga, inda za ku fita, da lokacin dawowa, a ba shi lambar wayarku duka biyu.

Gaisuwar Sarkin Ruwa

Ruwa yana da masu shi. A garuruwan bakin gulbi akwai Sarkin Ruwa ko wani dattijon Sarkawa da ke kula da wane gurbi aka rufe, wane aka buɗe, da wurin da wani ya riga ya kafa gurarsa. Misalin da duniya ta sani shi ne Matan Fada a Argungu, inda ake hana su sai lokacin bikin kamun kifi, bikin da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Manyan giwan ruwan da ake fitowa da su a can, hutun da aka ba ruwan ne ya girmar da su. Abokinka ya kai ka ku gaisa, ka ce “Ranka ya daɗe, baƙo ne, na biyo wane,” ka ajiye ɗan goro. Shi ne zai gaya muku inda aka ga kada, kuma in wani abu ya faru, mutanensa ne za su fara shiga ruwa neman ku.

Duba jirgi da lodi

Kwalekwale iri biyu za ka gani: wanda aka fafe daga gungumen itace guda, kamar maɗaci, da wanda aka harhaɗa da katako, irin wanda maƙeran jirgi na Yawuri suka yi suna a kansa. Na gungume ya fi juyawa, na katako ya fi yoyo ta mahaɗa. Ku tura shi ruwa babu kowa, ku jira kamar minti goma ku ga ta ina yake tsattsafo. Tsattsafo kaɗan ba komai, kowane jirgi yana yi. Wanda ruwa ke shiga kana gani yana gudu, a toshe shi tukuna. Jirgin da ya daɗe a tudu rana na dukansa yakan tsage, sai an jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu katakon ya kumbura.

Bayan kun shiga da kayanku, tsakanin bakin jirgi da ruwa ya zama akwai aƙalla taƙi guda. Ku tuna da kifi da jiƙaƙƙiyar raga za ku dawo, nauyin dawowa ya fi na tafiya. Kar ku ɗauki mai neman a tsallakar da shi da buhu ko babur. A Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu da jirgi ya kife da su a ƙaramar hukumar Shagari, a Agustan 2025 kuma wani jirgi ɗauke da mutum sama da 50 masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife. Lodin da ya wuce kima da rashin rigar kariya su ne abin da ake ta ambata a irin waɗannan haɗurra.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar kariya, ta kuma hana zirga-zirgar jirage da dare. Rigar a jiki ake sa ta a ɗaure, ba matashin zama ba ce. In ba a samu ba, jarkar lita 20 ko 25 wadda babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, an sa mata igiya a hannu, tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. Kakanninmu da gora suke yin haka. Amma jarka sai kana da hankalinka za ka riƙe ta, riga kuwa ko ka gaji tana ɗauke da kai. Sauran kayan: filafili biyu, gorar tuƙi, yankakken galan na kwashe ruwa, wuƙa mai kaifi a kube, igiya mai tsawo, tocila, ruwan sha daga gida, malafa, da waya a ƙulle cikin leda biyu. Babbar riga da takalmin roba mai tsawo na gona a bar su a gida, in suka sha ruwa ja suke yi ƙasa.

Kayan su da abin da doka ta ce

Ga baƙon ruwa, kalli da ƙugiya da gura sun fi dacewa. Kalli raga ce da ake shimfiɗawa a bar ta, ku kafa ta da la'asar, ku fito kafin magariba, ku koma bayan sallar asuba da gari ya waye. Gura tarko ne, a sa mata dusa ko ƙuliƙuli a ajiye a bakin ciyawa, tana kama tarwaɗa da karfasa, wadda wasu ke kira gargaza, da ransu. Ƙugiya kuma da tana ko hanjin kaza, ta fi kama tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa. Birgi kuwa, wato ragar jifa, sai mutum ya tsaya a goshin jirgi ya wurga, wani a baya yana daidaita jirgin. In kai ne a bayan alhali ba ka ƙware ba, jifa ɗaya ya isa ya kifar da ku. Ku bar birgi sai ka yi fita uku ko huɗu. Mai jifar kuma wuƙarsa ta kasance kusa, domin in birgi ya maƙale a kututture igiyar da ke wuyan hannunsa tana iya fizgo shi. Mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi shi ma ba na ɗan koyo ba ne.

Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da wasu keɓaɓɓun ragogin ƙananan kifi. Ana aunawa ne a miƙe idon raga daga ƙulli zuwa ƙulli. Ta kuma haramta su da guba, da nakiya, da lantarki. Gidan sauron da aka raba don yara ba raga ba ne, yana kwashe ɗiyan kifi tun ba su kai yatsa ba. Wanda ya zuba Gamalin ko maganin feshin gona a gurbi kuwa, ya tuna ruwan nan shi ne garin Sakkwato ke sha, shi dabbobi ke sha, shi ne kuma injinka zai jawo ya zuba wa albasa. Ko abokinka ne ya kawo shawarar, ka ce a'a ka sauka.

A kan ruwa

Shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙafa a tsakiyar jirgi, jiki a sunkuye. Ka zauna ƙasa-ƙasa. Kar ku taru gefe guda wajen jawo raga, in shi ya karkata dama kai ka ɗan karkata hagu. Ku fara haurawa sama da ƙarfinku, ku gangaro da ruwa lokacin da kuka gaji. Ku yi nesa da ƙafafun gada, ruwa yana murɗawa a wurin, ku kuma lura da tiyon injinan ban ruwa da ragar wasu.

Babban kifi, giwan ruwa ko yauni ko bargi, ba a ɗago shi da gaggawa. A bar shi ya gaji tukuna. Yauni da tsage suna cizo. Ƙurungu yana da ƙaya uku masu kafewa, a karya su kafin a jefa shi inda ƙafafu suke. In ƙayar ta soke ka, ka wanke, ka tsoma wurin a ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, zafin yana raguwa, in kun fito a duba maganar allurar tetanus. Minjirya kuwa ba sai an gaya maka sau biyu ba.

In jirgi ya kife, kar ka sake shi. Jirgin katako ko ya cika da ruwa yakan tsaya a sama. Ka riƙe shi, ka bi ruwa kana karkata zuwa gaɓa, kar ka yi kokawa da gudun ruwa, ka kuma nisanci raga kar ta nannaɗe ƙafarka. In abokinka ne ya faɗa, miƙa masa filafili ko gora, ko ka jefa masa jarka da igiya. Kar ka yi tsalle ka bi shi in ba gwanin iyo ba ne kai, mai nutsewa yana danne duk wanda ya kama. Wanda aka ciro ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2, ba tsayawa. Ba a rataye shi kai ƙasa, ba a taka cikinsa wai don ruwa ya fito. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan sa'o'i. A cikin gari akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru.

Bayan an kama

Kifi ba hatsi ba ne, daga mutuwarsa yake fara lalacewa, da zafin Sakkwato kuwa 'yan sa'o'i ne. Tarwaɗa da gaiwa suna da doguwar rai, a sa su a roba da ɗan ruwa a kai kasuwa da ransu, sun fi tsada. Sauran a rufe su da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kar a bar su cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi. In da ƙanƙara, kilo guda ga kilo guda na kifi, a farfasa ta a jera hawa-hawa. Wanda ya kwana matacce a kalli, ido ya shige, matsefinsa ya koɗe, nama ya yi laushi, a ware shi daban kar ya ja wa saura faɗuwar farashi.

Dillalan bakin ruwa sun san kana gaggawa, don haka sukan taya da arha. In kamun ya yi yawa kuma da sauran safiya, kai shi cikin gari, Kasuwar Daji ko Babbar Kasuwa, yakan fi riba ko an cire kuɗin babur. Wanda ya rage a yi banda: a fede, a wanke da ruwa mai tsabta, a ɗan jiƙa a ruwan gishiri, a tsane, a fara da wuta marar ƙarfi sannan a ƙara. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa zai tafi, sai ka lissafa da haka wajen sa farashi. Kar a ƙona roba ko leda a ƙarƙashinsa, kar kuma a fesa masa Sniper ko wani maganin ƙwari. In ƙwaro ya shiga, a mayar da shi kan wuta. Ƙungiyar da mambobinta ke fita su akai-akai za ta iya haɗa kuɗi ta sayi rigunan kariya biyar ko shida da akwatin ƙanƙara, ana ara ana rubutawa, ta kuma nemi sashen kula da kifi na jiha ya nuna mata ginin murhun banda irin na Chorkor, wanda aka faro a Gana, mai cin itace kaɗan.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa a ruwan da ke kwance mai ciyawa, ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ruwan ba. In kun fito ka yi wanka da sabulu da ruwan rijiya ko famfo, ka goge jiki. In bayan wasu makonni ko watanni ka ga jini a ƙarshen fitsari, ka je asibiti a gwada, maganinta praziquantel ne kuma da nauyin jiki ake auna shi, don haka ba na saye a tire ba ne. Ka gaya wa abokin naka shi ma ya je, domin masunta da yawa sun saba ganin jinin har sun daina ɗaukarsa ciwo.